Fanshon ma'aikatan birni: alkawarin hukuma, asusun kai, ko hanyar tsakiya?

Duk majalisar birni ko ta ƙaramar hukuma da ta zauna za ta kafa wa ma'aikatanta fansho, gardamar da ke fara tashi kusan ɗaya ce: nawa za a riƙa cirewa daga albashi, nawa hukuma za ta ɗora a kai. Kansiloli su ja, ƙungiyar ƙwadago ta ja, ma'aji ya buɗe littafi ya ce babu. Daga ƙarshe a tsaya kan wani kaso, a tafa, a watse. Alhali kason nan shi ne abin da ya fi sauƙin gyarawa a duk tsarin. Masu wuyar gyara guda uku ne: irin alkawarin da aka yi wa ma'aikaci, hannun da kuɗin zai zauna, da wanda zai tilasta wa hukuma ta zuba nata rabon a shekarar da aljihu ya yi sanyi. Mai sharar titi da aka ɗauka bana yana ɗan shekara 25 yana iya kaiwa 85 yana karɓar fansho. Ke nan dokar da za a rubuta za ta yi aiki shekara 60, magajin gari goma sha biyar su zo su wuce tana nan.

Alkawarin da hukuma ta ɗauka a wuyanta

Tsari na farko shi ne tsohon da kowa ya sani. Doka ta faɗi abin da za a biya mutum idan ya yi ritaya, bisa shekarun aikinsa da albashinsa, kuma za a ci gaba da biyansa har ya koma ga Mahaliccinsa. Kasuwar hannun jari ta tashi ko ta faɗi, ba ruwan ɗan fansho. Idan asusu ya gaza, hukuma ce za ta cike.

Misalin da ya fi sauƙin fahimta shi ne na ma'aikatan ƙananan hukumomin Ingila da Wales. Tun Afrilun 2014, duk shekarar da ma'aikaci ya yi yana aiki ana rubuta masa kashi 1 cikin 49 na albashin wannan shekarar a matsayin fanshonsa na shekara-shekara. Wanda ya karɓi fam 49,000 bana ya tara fanshon fam 1,000 ke nan a kowace shekara bayan ritaya, kuma ana ɗaga wannan adadin gwargwadon hauhawar farashi. Ma'aikaci yana zuba tsakanin kashi 5.5 da 12.5 cikin 100 na albashinsa, mai babban albashi ya fi zubawa, saura kuma hukuma ce ke biya bisa ƙididdigar da ake sabuntawa duk bayan shekara uku.

Kafin 2014 da albashin ƙarshe ake yin lissafin, kuma dalilin barinsa abin lura ne ga duk mai rubuta sabuwar doka. Lissafi da albashin ƙarshe yana fifita wanda ya hau manyan kujeru a kan wanda ya ƙare aikinsa a matakin da ya fara. Direban motar shara da albashinsa bai motsa sosai ba cikin shekara 30, gudummawarsa tana tallafa wa fanshon daraktan da aka ɗaga saura shekara biyu ya tafi. Sannan yana buɗe ƙofar wayo: a ƙara wa mutum girma dab da ritaya, ko a cika masa shekarar ƙarshe da kuɗin ƙarin lokaci, fanshonsa ya kumbura har ƙarshen ransa. Jihar California ta Amurka sai da ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce sababbin ma'aikata da matsakaicin albashin shekara uku za a yi musu lissafi, don toshe wannan kafa. Idan za a zaɓi wannan tsari, a ganina a yi shi bisa albashin dukan shekarun aiki tun daga ranar farko, a huta.

Amfaninsa ga ma'aikaci a fili yake. Ya san abin da zai samu, ba ya tsoron tsawon rai, kuma ba sai ya iya karanta rahoton kasuwa ba. Akwai wani amfanin da ba a cika ambata ba: idan mutum dubu goma suka haɗa asusu, ba sai kowannensu ya tanadi kuɗin da zai kai shi shekara 95 ba, domin wasu za su rasu da wuri, wasu su daɗe, asusu ya yi tanadi bisa matsakaici. Mutum shi kaɗai ba shi da wannan rangwamen.

Illarsa kuwa ita ce alkawari yana da arha a ranar da aka yi shi. Magajin garin da ba shi da kuɗin ƙarin albashi yana iya kwantar da yajin aiki da ƙarin fansho, tunda wanda zai biya bai ma shiga siyasa ba tukuna. Kuma ana iya ɓoye girman bashin da lamba ɗaya tak, wato ribar da ake zaton jarin asusu zai riƙa kawowa. Idan za a biya 100 bayan shekara 30, aka ɗauka ribar kashi 8 ce a shekara, abin da ya kamata a ajiye yau bai wuce 10 ba. Idan kashi 5 aka ɗauka, sai an ajiye kusan 23. Bashin bai canja ba, amma a takarda an rage shi da fiye da rabi. Duk wanda aka bar wa ikon zaɓar wannan lamba, an ba shi makullin asusun gaba ɗaya.

Idan abin ya lalace, ga yadda yake lalacewa. A Yulin 2013 birnin Detroit na Amurka ya shiga kotu yana neman kariyar wanda ya karye, da bashin kusan dala biliyan 18. Kundin tsarin mulkin jihar Michigan, inda birnin yake, ya hana taɓa fansho, amma alƙalin kotun tarayya ya yanke cewa a shari'ar karyewa ana iya rage shi kamar sauran bashi. Ma'aikatan da ba 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ba sun rasa kashi 4.5 na fanshonsu tare da ƙarin da ake yi musu na tsadar rayuwa, kuma ragin bai tsaya nan ba sai don gidauniyoyi da gwamnatin jiha da gidan adana kayan zane na birnin sun haɗa dala miliyan 816. Ƙaramin birnin Central Falls a Rhode Island bai sami irin wannan gata ba: bayan karyewarsa a 2011 wasu tsofaffi sun rasa fiye da rabin fanshonsu. A Prichard ta jihar Alabama kuwa, a 2009 asusun ya ƙare ƙaf, biya ya tsaya.

Kowa da asusunsa

Tsari na biyu ya juya al'amarin. Doka ba ta faɗi abin da za a biya mutum ba, ta faɗi abin da za a zuba masa ne kawai. Kowane wata a cire nasa, a ɗora na hukuma, a saka a asusu mai sunansa, a juya a kasuwa. Ranar ritaya, abin da ya taru shi ne nasa. Chile ce ta fara ɗora ƙasa guda a kan wannan tsari a 1981, wasu ƙasashe suka bi sahu, ciki har da Najeriya da dokarta ta 2004, wadda gyaran 2014 ya mayar da mafi ƙarancin gudummawa kashi 10 daga mai aiki, kashi 8 daga ma'aikaci.

Ma'aji yana son wannan tsari, kuma yana da gaskiyarsa. Da ya zuba kuɗin wata, ya sauke nauyi. Babu wani bashi da zai taso bayan shekara 20. Ma'aikacin da ba zai daɗe ba ma ya fi cin riba a nan. Injiniyar da ta yi shekara huɗu a ofishin ruwa ta koma kamfani za ta tafi da asusunta, alhali a tsarin farko, idan doka ta ce sai an cika shekara biyar ko goma kafin a cancanci fansho, abin da za ta samu bai wuce a mayar mata da kuɗinta ba.

Sai dai haɗarin da hukuma ta sauke bai ɓace ba, kan ma'aikaci ya koma. Mutum biyu masu albashi ɗaya da shekarun aiki ɗaya, wannan ya yi ritaya a 2007, wancan a farkon 2009 bayan kasuwannin duniya sun rushe, za su fita da dukiya mabambanciya ba tare da ɗayansu ya yi wani kuskure ba. Ga kuma ladan masu juya kuɗin. Kashi 1 cikin 100 a shekara ba ya tayar wa kowa hankali idan an ji shi, amma ga mai zuba kuɗi shekara 35, idan ribar ta sauko daga kashi 6 zuwa 5, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai tara ya tafi. Sannan idan aka miƙa wa mutum kuɗin shekara talatin a dunƙule, 'yan uwa da masu kawo shawarar kasuwanci sukan riga shi sanin ranar da za su shigo. A Chile ɗin ma sai da gwamnati ta ƙara wani ginshiƙi na tallafi daga baitulmali a 2008 domin waɗanda asusunsu bai taka kara ya karya ba, kuma a 2016 dubban ɗaruruwan mutane suka fita zanga-zanga kan ƙanƙantar fansho.

Wani abu da masu tallan wannan tsari ba sa son a tayar: shi ma yana dogara ne da hukuma ta zuba kuɗin. Idan ma'aji ya cire kason ma'aikaci daga albashi ya riƙe ya biya 'yan kwangila da shi, asusun kai bai tsare kowa ba. Bambancin kawai, a nan ma'aikaci yana iya duba takardar asusunsa ya ga watan da aka tsallake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma gani daban, karɓowa daban.

Tsakanin biyun

Akwai tsarin da ya ɗauki siffar asusun kai amma ya bar haɗarin a hannun taro, kuma ni shi ya fi kwanta mini ga birni matsakaici. Jihar Nebraska ta Amurka ta yi shekaru tun tsakiyar shekarun 1960 tana tafiyar da ma'aikatan jiha da na gundumomi kan asusun kai, har ta gano abin da suke fita da shi bai kai na takwarorinsu masu fanshon alkawari ba. Daga 2003 sababbin ma'aikata suka koma wani tsari: kowa yana ganin adadin da aka rubuta da sunansa, amma ƙwararru ne ke juya kuɗin a haɗe, kuma doka ta lamunce ribar da ba za ta gaza kashi 5 ba. Asusun ma'aikatan biranen Texas, wanda aka kafa a 1947, kusan haka yake. Kowane birni ya zaɓi kason da ma'aikatansa za su zuba, sannan ya zaɓi ko zai ɗora daidai da hakan, ko ɗaya da rabi, ko ninki biyu. Ranar ritaya a mayar da abin da ya taru fanshon wata-wata na tsawon rai.

Jihar Wisconsin ta bi wata hanyar: fanshon alkawari ne, amma ƙarin da ake yi wa 'yan fansho ya danganta da ribar da asusu ya samu, kuma ana iya janye shi. Bayan rushewar 2008 an yi shekara biyar a jere ana rage musu, sai dai ba a sauka ƙasa da adadin da mutum ya fara da shi a babban asusun ba. Ba daɗi, amma asusun ya fita daga rikicin da ƙafafunsa.

Akwai kuma masu cewa kada ma a tara komai, a riƙa biyan tsofaffi daga gudummawar masu aiki. Faransa haka take yi wa ma'aikatan ƙananan hukumomi da na asibitoci tun 1945, kuma da yawan 'yan fansho ya ƙaru, kason da hukumomi ke biya ya haura kashi 30 na albashi. Ƙasa guda tana iya jure wannan. Birni ɗaya, wanda masana'antarsa za ta iya rufewa jama'a su watse, bai kamata ya gwada ba.

A hannun wa kuɗin zai zauna

Da za a ce in zaɓi tambaya ɗaya in bar sauran, wannan zan ɗauka, kuma jihar Illinois ta Amurka ta amsa ta da kanta, domin duka hanyoyin biyu, wato asusun taro na birane da yawa da asusun birni shi kaɗai, suna cikinta a ƙarƙashin kundin tsarin mulki ɗaya. Yawancin biranenta da gundumominta suna cikin asusun taro guda da aka kafa da dokar 1939. Masu ƙididdigar asusun, wato ƙwararrun da ke lissafa abin da za a biya nan gaba, su ne ke gaya wa kowace hukuma abin da za ta biya a shekara, kuma idan ta ƙi, doka ta ba asusun ikon tare kuɗin da jiha za ta aika mata. Wannan asusu yana da fiye da kashi 90 na abin da ake binsa. Chicago kuwa, birni mafi girma a jihar, tana da nata asusun daban, kuma shekaru da dama doka ta ɗaure gudummawar birnin da wani ninki na abin da ma'aikata suka zuba shekara biyu baya, misali 1.25 ga asusun ma'aikatan gari, ko bashin ya ƙaru ko bai ƙaru ba. Birnin yana bin doka sau da ƙafa, ramin yana zurfi. Yau wasu daga cikin asusun nan ba su da ko kashi 30 na abin da ke kansu.

A jihar dai, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na ƙananan garuruwa suna da asusu kusan 650, kowanne da kwamitinsa da mai ba shi shawara da ladan da yake biya. A 2019 aka yi doka aka haɗe jarinsu wuri biyu. Ingila da Wales ma tun 2015 suke tura asusun ƙananan hukumominsu, su fiye da 80, su haɗa jarinsu a manyan rumbuna. Lardin Ontario na Kanada tun 1962 ya tara ma'aikatan biranensa a asusu ɗaya, OMERS, wanda ma'aikaci da hukuma ke zuba daidai wa daida.

Dalilin a bayyane yake. Birni mai ma'aikata 300 ba zai iya ɗaukar ƙwararrun masu zuba jari ba, ladan da za a caje shi ya fi na babba, kuma mutum goma su daɗe a duniya fiye da zato sun isa su karkata lissafinsa. Mafi muni, kwamitin amintattunsa mutanen magajin gari ne, suna haɗuwa da shi a ofis kullum. San Diego ta jihar California ta nuna inda wannan ke kaiwa: a 1996 da kuma 2002 kwamitin asusun ya yarda birnin ya biya ƙasa da abin da ya kamata, a daidai lokacin da ake ƙara wa ma'aikata fansho. Kowa a ɗakin ya samu abin da yake so, aka bar wa na baya bashin.

Abin da birni ke rasawa idan ya shiga asusun taro shi ne iko. Ba zai ce a zuba kuɗin a gina kasuwar gari ba, ba zai ɗage biya zuwa baɗi ba. To, wannan rashin ikon shi ne abin da ake saye. Abin da ya kamata a bincika kafin shiga shi ne ko kowane birni yana da lissafinsa daban a cikin asusun, don kada mai biya kan kari ya ɗauki kayan mai kwana da bashi, da kuma nawa za a caji wanda ya so fita. Birni ya riƙe nasa asusun ne kawai idan yana da dubban ma'aikata, kuma wata doka da ta fi ƙarfin majalisarsa ta ɗaure shi.

Abin da dokar za ta ƙunsa

Matakin da aka kafa dokar yana da tasiri. Dokar da majalisar birni ta yi da rinjayen kansiloli, majalisa ta gaba za ta warware ta da irin wannan rinjayen. Wadda aka saka a kundin tsarin mulki kuma tana iya yin tauri har ta hana gyara. Kundin Illinois na 1970 ya ce fansho yarjejeniya ce da ba za a rage ba, kuma da wannan Kotun Ƙolin jihar a 2015 ta soke gyaran da jiha ta yi, a 2016 kuma ta soke na Chicago. Kundin ya kare abin da za a biya, bai tilasta a tara kuɗin biyan ba. Mafi dacewa a kare abin da ma'aikaci ya riga ya tara kariya mai ƙarfi, a bar ƙofar sauya ƙa'idar shekarun da bai yi ba tukuna, sannan a ba wajibcin zuba kuɗi irin ƙarfin da aka ba alkawarin.

Sauran abubuwan gajeru ne amma kowanne ya taɓa kayar da wani asusu. Kuɗin ya zama amana da ke wajen baitulmalin birni, yadda mai bin birni bashi ba zai kai hannu ba, birnin ma ba zai ranta ba. Mai juya kuɗi daban, mai ajiyarsa daban, kamar yadda dokar Najeriya ta raba su. Kwamitin amintattu ya haɗa wakilan hukuma da na ma'aikata da na 'yan fansho da ƙwararrun da ba su da rabo, wa'adinsu kada ya ƙare tare da na magajin gari. Mai ƙididdiga kwamiti ne zai ɗauke shi, rahotonsa a buga kowa ya gani. Duk ƙarin fansho da za a kawo majalisa ya zo da lissafin kuɗinsa kafin a jefa ƙuri'a. A fayyace haƙƙin wanda ya nakasa a bakin aiki da na iyalin mamaci, musamman ga 'yan kwana-kwana, domin asusun kai ba ya tsinana komai ga wanda ya faɗi a shekararsa ta uku. Irin wannan sai an haɗa masa da inshora.

Sai batun waɗanda suke kan aiki kafin dokar. Idan za a lissafa musu shekarun baya, asusun ya fara rayuwa da bashi ke nan, kuma dole doka ta faɗi adadinsa da shekarun da za a biya shi, wa'adi tsayayye wanda ba a sabuntawa duk shekara. Idan kuma tsohon tsari ake rufewa a koma asusun kai, a sani cewa tsohon bashin yana nan, gudummawar sababbin ma'aikata kuma ta daina shiga cikinsa, don haka shekarun farko kuɗin da birni zai fitar ƙaruwa zai yi.

Hanyar da aka bi aka yi dokar ma tana iya rushe ta. A 2012 masu zaɓe a San Diego suka amince a rufe fanshon alkawari ga sababbin ma'aikata, ban da 'yan sanda, a mayar da su asusun kai. A 2018 Kotun Ƙolin California ta ce tunda magajin gari ne ya jagoranci shirin, wajibi ne birnin ya zauna da ƙungiyoyin ƙwadago kafin a kai shi akwatin zaɓe, kuma bai zauna ba. A 2021 kotu ta soke dokar, birnin ya koma yana shigar da dubban ma'aikata cikin tsohon tsarin tare da biya musu shekarun da suka wuce.